Yadda Surukina Ya Zama Manajana

Aikina gina wa mutane shafukan intanet, kuma a gida nake yin sa. Rabin farko na wannan magana babu wanda ya fahimce shi a layinmu. Rabi na biyun kuwa kowa ya haddace shi.

A birnin Rajshahi muke zaune ni da matata Tahmina, a saman benen wata dattijuwa da kowa yake kira Khala Rokeya, wato Inna Rokeya. Tahmina malamar makaranta ce. Da safe takan ɗaura sari, dogon zanen nan na matanmu, ta rataya jaka, ta tare rikisha, keken haya mai ƙafa uku, a bakin titi, duk unguwa ta shaida ta tafi aiki. Ni kuwa sai in wanke kofunan shayi, in gyara ɗaurin lungina, zanen da maza suke ɗaurawa a ƙugu in suna gida, in zagaya bayan firji in zauna. Nan ne ofishina: tebur guda tsakanin firji da taga, da kwamfuta, da wata tsohuwar fanka mai girgiza kai duk yini kamar ba ta yarda da abin da nake yi ba.

Kafin in gama buɗe saƙonnin safe sai in ji muryar Khala Rokeya daga ƙasan matakala.

"Rezwan, ɗana, tunda kana gida..."

Da haka kowace magana take farawa. Tunda ina gida, in saurari mai kawo tukunyar gas. Tunda ina gida, in leƙa madarar da ta ɗora a wuta, za ta shiga maƙwabta ta fito yanzun nan, yanzun nan ɗin da yake kai wa azahar. In hadari ya taso ni nake hawa rufin bene in kwashe shanyar kowa, har na san rigar kowane maƙwabci da inda ta yage. Mai tallan kifi ma ya daina wahalar neman matan gidan. Sai ya ƙwala mini kira ta taga, ya zube mini kifin kowa, in yi ta jera su a firji kamar mai shago. Wata rana wani tsoho da ban taɓa gani ba ya hauro da wayarsa, wai an ce masa akwai wani bawan Allah a nan da ba ya aikin komai, yana gyaran waya kyauta. Na gyara masa. Ashe sautin ya rage bai sani ba.

Tsakanin madara da kifi nake yin aikin da nake ci da shi. A lokacin babbar kwastomata wata Baturiya ce a Ostareliya, Doreen, mai ɗinka wa karnuka riguna. Matar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai Allah bai hore mata yanke shawara ba. Shafin nata na gama shi tun tsakiyar damina, launi kawai ya rage. Ta ce shuɗi take so, na sa shuɗi. Ta ce ya yi sanyi, in nemo mai fara'a. Na nemo, gwargwadon fahimtata game da fara'ar shuɗi. Ta ce wannan kuma ya cika surutu. Kullum da hantsi takan kira ni ta bidiyo, ta ɗago wani gajeren kare mai kumburarrun idanu, sunansa Kanar, ta kara fuskarsa a kwamfuta.

"Me ka gani, Kanar? Ya yi maka?"

Kanar ya yi atishawa.

"Ka gani ko, Rezwan? Bai gamsu ba. Mu ɗan gwada wani."

Ni kuma in yi murmushi in ce babu damuwa, alhali hancina yana gaya mini madarar Khala ta riga ta ƙone.

Ana cikin haka surukina ya zo. Sunansa Mofazzal Sarkar, tsohon shugaban wata tashar jirgin ƙasa, ya yi ritaya ya zauna a garin Ishwardi. Cutar yana ce ta rufe masa ido ɗaya, likita ya ce sai an yi aiki, gidanmu kuma ya fi kusa da asibitin. Dogo ne siriri, yana tafiya kamar an soka masa sanda a baya. Bai taɓa kiran sunana ba. Jamai yake ce mini, yadda kowa yake kiran mijin 'yarsa, amma a bakinsa kalmar takan fito kamar sunan ƙaramin ma'aikacin da ya makara. Iyakar abin da ya sani game da sana'ata shi ne abin da Tahmina ta gaya masa kafin aure, cewa ina aiki da kamfanonin ƙasashen waje.

Washegarin zuwansa, da Tahmina ta fita, ya dubi agogonsa, ya dube ni.

"Jamai, ba za ka makara ba?"

"Ina za ni, Abba?"

"Ofis."

Na nuna masa bayan firji.

Ya tashi ya je ya duba da lafiyayyen idonsa. Ya dubi teburin, ya dubi fankar, ya dubi lungina. A kan lungin ya fi daɗewa.

"Wa yake duba lokacin zuwanka?"

"Babu kowa, Abba."

"Wa yake ba ka izinin tashi?"

"Ni nake ba kaina."

"Inna lillahi." Ya nemi kujera ya zauna a hankali. "To kamfanin nan na waje, me suke sarrafawa?"

Na so in ce tufafi in tsaya a nan, da kuma ban yi ƙarya ba. Sai dai shafin Doreen a buɗe yake, ga Kanar ya cika fuskar kwamfutar, sanye da rigar ruwa mai hula.

"Wannan fa?"

"Kare ne, Abba."

"Na san kare. Idona ne ya lalace, ba kaina ba. Me yake yi da riga?"

"Ana sanyi a can."

"Gashin da Allah ya ba shi fa?"

Ya dubi ƙasa, ya rage murya.

"Tahmina ta sani?"

"Ta sani."

"To maganar nan kada ta je Ishwardi. Na riga na gaya wa mutanen masallaci kai injiniya ne."

Aka yi aikin ido lafiya. Likita ya ɗora masa baƙin tabarau, ya hana shi karatu, ya hana shi talabijin, ya hana shi shiga rana. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ba jirage umarni ya wayi gari ba shi da abin yi sai zama a falo yana sauraren yadda yinina yake tafiya. Ya ji kiran madara, ya ji kiran gas, ya ji na sauka a guje na hauro da kifi. Ya kuma ji bayan azahar na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin fanka, abin da nake kira nazarin zane.

Wata safiya na fito daga wanka na tarar ya ja kujerarsa ya girke ta a bakin ƙofa, daidai saman matakala. Ya sa farar rigarsa mai guga, ya rataya wani tsohon usur a wuya. Daga baya Tahmina ta gaya mini ko ɗaurin aure za shi da usur ɗin nan yake tafiya.

"Jamai, je ka sa wando."

"Abba, ai ba inda za ni."

"Ofis za ka. Wando, riga, takalmi."

"Har da takalmi?"

"Ka taɓa ganin ma'aikaci da ƙafa a waje?"

Na sa. Na zagaya bayan firji da takalmin aurena yana cizon yatsuna. Ban daɗe da zama ba muryar da na saba ta taso daga ƙasa.

"Rezwan, ɗana, tunda kana..."

"Ba ya gida," in ji Abba.

Khala Rokeya ta hauro tana haki, ta leƙa ta gefen kafaɗarsa. "Bhai saheb, haba ɗan'uwa, ga shi can ina hango ƙeyarsa."

"Ƙeyarsa kike gani, Apa 'yar'uwata. Shi yana ofis."

"Wane ofis? Gidana ne fa. Ni na tsaya aka jera kowane bulo, ban tuna na gina ofis ba."

"Daga safe zuwa la'asar ofis ne. Bayan la'asar ya koma gidanki."

"Madara ce kawai zai duba mini."

"Ma'aikaci ba ya barin kujerarsa saboda madara. Yanzu da jirgi zai taho..."

"Wane jirgi kuma? Bawan Allah, wai ido aka yi wa aiki ko kai?"

Abba ya ɗaga usur ya hura. Tattabarun rufin bene suka watse, wani jariri ya tsala kuka a gidan da ke kallonmu. Khala ta dafe ƙirji, ta juya tana sauka tana faɗin a tsawon rayuwarta ba a taɓa hura mata usur ba, ko marigayi mijinta da yake ɗan sanda bai taɓa gwadawa ba. Mai kifi ya sha nasa usur ɗin ta taga. Mai gas ya ajiye tukunya a ƙasa ya yi gaba ko sallama babu.

Ranar farko har addu'a na yi wa Abba a zuciyata. Amma abin bai tsaya a kan maƙwabta ba. Shayin da nake sha duk lokacin da na ga dama ya koma sau ɗaya da hantsi. Abincin rana yana da lokacinsa, ko ina tsakiyar aiki sai na tashi. Nazarin zane kuwa aka soke shi gaba ɗaya, Abba da kansa ya naɗe tabarmar ya zauna a kanta. In ya ji maɓallan kwamfuta sun yi shiru sai ya ɗaga murya daga bakin ƙofa.

"Jamai, ban ji motsi ba."

"Tunani nake yi, Abba. Aikin nan rabinsa tunani ne."

"To ka yi shi da ƙara."

Haka na koyi buga maɓallai a banza da hannu ɗaya, ina tunani da sauran jikina.

Da yamma na kai ƙara wajen Tahmina a kicin, ina magana ƙasa-ƙasa. Ta ci gaba da yanka albasa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kana ji? Ni a ƙarƙashin usur ɗin nan na girma. Da shi ake tashinmu sallar asuba, da shi ake kiran mu cin abinci. Ban mutu ba."

"Yatsuna sun kumbura, Tahmina."

"Amma aikin mai sayar da zuma da ka yi ta ja tun bara, ba ka ce ka gama shi jiya ba?"

Na gama shi, gaskiya ne. Shi ya fi ba ni haushi.

Abu ɗaya ne Abba ya kasa yi wa tsari, kiran Doreen. Yana jin Turanci, irin na sanarwar tasha, don haka duk hirarmu tana shiga kunnensa. In mun gama sai in ji yana tsaki.

"Kare take tambaya shawara, kai kana zaune da wando da takalmi?"

"Kwastoma ce, Abba. Lallaɓa su ake yi."

"Fasinja ma kwastoma ne. Ban taɓa tambayar fasinja yaushe yake so jirgi ya tashi ba."

Ranar da abin ya faru, maganin da ake ɗiga masa a ido ne ya ƙare. Ya kira ni da hantsi ya miƙo mini kwalbar.

"Je ka sayo."

"Abba, lokacin ofis ne fa."

"Na ba ka izini. Wannan aikin hukuma ne."

Na lissafa zan je in dawo kafin Doreen ta kira. Kantin bakin layi ba su da shi, sai da na je har kusa da asibiti. A hanyar dawowa kuma sarƙar rikisha ta zame, na tsaya ina riƙe wa mai rikisha sirdi yana gyarawa. Da na iso gida na tarar da Khala Rokeya a saman matakalarmu, ta manna kunne a ƙofa. Rabon da ta hauro tun ranar usur. Tana ganina ta ɗora yatsa a baki, fuskarta cike da farin ciki.

"Zo ka ji, zo ka ji. Surukinka yana Turanci da karnuka."

Na tura ƙofar kaɗan. Abba yana zaune a kujerata, baya a miƙe, baƙin tabarau a fuska, yana magana da ƙarfi kamar mai sanar da isowar jirgi. A fuskar kwamfuta ga Doreen, baki a ɗan buɗe.

"Ban san Rezwan yana da manaja ba," in ji ta.

"Shi ma bai daɗe da sani ba. Faɗi buƙatarki, Madam."

Na so in shiga. Sai dai Khala ta riƙe mini gefen riga gam.

Doreen ta ɗago karen. "To, ga Kanar, shi ne yake taya ni..."

"Kanar?" Abba ya ƙara miƙewa. "Na soja?"

"A'a, suna ne kawai."

"To a fitar da shi daga taron. Maganar ma'aikata ce."

Ta sauke shi kuwa. Ni da na yi watanni ina gaida karen nan kowace safiya, ban taɓa sanin ana iya sauke shi ba. Ta nuna wasu shuɗaye biyu da na aika mata, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta tambaya a ɗarare wanne manaja ya fi so. Na tabbata ta cikin tabaran nan ko hannunsa da ƙyar yake gani.

"Babu ko ɗaya. Kore."

"Kore? Amma ai ni shuɗi..."

"Madam, a kan layin dogo na ƙare rayuwata. Launi biyu ne suke magana a duniya. Ja ya ce tsaya, kore ya ce wuce. Shuɗi ba ya cewa komai. So kike masu saye su tsaya ko su wuce?"

"Ai so nake su tsaya su saya."

Abba ya yi ɗan jim. Na ce yau dai an kama shi.

"Su wuce ciki, Madam. Ciki."

"To bari in yi tunani tukuna..."

"Tun damina kike tunani. Gobe da safe shafi zai tashi, da ke ko babu ke. Yanzu kuma lokacin abinci ya yi, ofis ya rufe."

Ya ɗaga usur ya hura a bakin kwamfuta. Daga can Ostareliya Kanar ya haukace da haushi, ya yi tsalle ya bangaji wani abu. Muka ga rufin ɗakin Doreen yana juyawa, muka ji ta yi ƙara, hoton ya ɗauke.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Tun da na auri Tahmina ban taɓa kallon mahaifinta ido cikin ido ba, amma ranar har hannu na ɗaga.

"Abba, kun san abin da kuka yi kuwa?"

"Na gama maka aikin da ya gagare ka."

"Kun kori babbar kwastomata! Ko launin ma ba kwa gani!"

"Rashin tsari ko ido a rufe ina ganin sa."

"Ni dai na faɗa," in ji Khala daga bakin ƙofa, "kai aka yi wa aiki."

Na zauna na aika wa Doreen ban haƙuri iri-iri, shiru. Na kira, ba ta ɗauka ba. Muka ci shinkafa da dal, miyar wakenmu, ni da Abba. Tahmina tun a ƙasa ta sha labari a wajen Khala, har da kwaikwayon usur. Ta shigo ta gaida mahaifinta da fuskar jimami, ta wuce kicin ta rufe ƙofa. Na bi ta don ta taya ni baƙin ciki, na tarar ta cusa gefen sarinta a baki, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da na fito na ga Abba ya haɗa jakarsa, ya ɗora ta a cinya. Ya ce jirgin safe zai bi. Bai yarda kowa ya taimaka masa da komai ba. Bayan magariba na hango shi ya ɗaga kai sama yana ƙoƙarin ɗiga wa kansa magani, maganin yana sauka a kumatu. Fushina bai gama hucewa ba, amma na je na karɓi kwalbar. Bai hana ni ba. Na ɗiga masa, ya runtse ido, ya daɗe a haka.

"A gida ba mai tambayata komai, Jamai," ya ce, ba da muryar tasha ba. "Uwar Tahmina ko kasuwa ta daina aikena, wai ina faɗa da masu kayan miya."

Na ce masa ya bari sai likita ya sake duba shi kafin ya tafi. Ya ce zai duba.

Da safe yana zaune da jakarsa a cinya, ni kuma ina bayan firji da lungina, don ban ga amfanin wando ba, sai kiran Doreen ya shigo. Na ɗauka da hannu biyu, na fara jero ban haƙuri. Ta katse ni.

"Rezwan, jiya na yi fushi sosai. Na ɗauki Kanar muka tafi bakin teku, ina tafe ina masifa ni kaɗai. Da na dawo sai na lura ban yi tunanin shuɗi ba ko sau ɗaya. Ka san shekara nawa kowa yana ce mini, duk wanda kike so, Doreen? Yayata, maƙwabtana, har kai. Na gaji da wanda nake so. A sa koren."

"A sa... koren?"

"A sa shi yau. Ina manajan? Daga yanzu da shi nake so in riƙa magana."

Na waiwaya. Abba ya riga ya sauke jakar, yana gyara wuyan rigarsa.

"Jamai, ba ni kujerar. Kai kuma je ka shirya, dubi yadda ka zo aiki."

Shafi ya tashi a ranar. Da aka cire wa Abba baƙin tabarau, abu na farko da ya nema a nuna masa shi ne koren. Ya ƙura masa sabon idonsa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ne? Ya yi yawa."

"Ku kuka zaɓa, Abba."

"To ya yi daidai."

Likita ya sallame shi, ya ce ya koma gida. Bai koma ba. Duk lokacin da surukata ta bugo waya daga Ishwardi sai in ji yana cewa aiki ya riƙe shi. Aikin kuwa ya ƙaru, don Doreen ta ba ƙawayenta labari. Mai ɗinka wa kyanwoyi katifa ta zo, mai sayar da sabulun dawaki ya zo, kowa kuma da sharaɗin manaja zai gani. Abba ya hura musu usur, su yi ta dariya suna godiya, ni in yi aikin.

Khala Rokeya ma ta gano hanya. Da sanyi ya fara shigowa ta hauro da faranti cike da wainar shinkafa mai zafi da ruwan dabino, ta ajiye a gaban Abba, ta tambayi lafiyar ido. Bayan ya cinye ta ce, cikin ladabi, ko ofis zai iya ba da aron ma'aikaci na ɗan lokaci, akwai madara a wuta. Abba ya yi nazari, ya share baki, ya ce an amince. Tun daga ranar madara ta zama aikin hukuma, gas ma haka, kifi ma haka. Na koma inda na fito, sai dai yanzu da takalmi nake hawa da sauka.

A cikin sanyin nan ne wani ƙunshi ya iso daga Ostareliya da sunan manaja. Doreen ce ta saƙa masa falmaran ta ulu, koriya shar, mai taushi, ta yi masa cif kamar an gwada. Abba ya sa, ya tsaya gaban madubi yana juyawa. Da ya ba mu baya sai muka ga wani ɗan zoben ƙarfe mai sheƙi an ɗinke shi da kyau a ƙasan wuya. Ni da na yi watanni ina jera hotunan kayan Doreen na san zoben nan. Kowace riga tata tana da shi, nan ake maƙala igiya. Hannunta ne ya saba, ba da wata manufa ta sa ba. Na dubi Tahmina, Tahmina ta dubi rufi.

Abba ya kai hannu baya ya shafa shi. "Na rataye riga a ƙusa ne," ya ce. "Turawa akwai tsari."

Ba a yi mako ba surukata ta iso, ba sanarwa. Ammu, kamar yadda muke kiran ta, 'yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗar mijinta ba, kullum da laima mai lanƙwasasshen mariƙi ko ana ruwa ko ba a yi. Ta hauro matakala ta tarar da shi a kujerarsa ta bakin ƙofa, da falmaran da usur. Ta zagaya shi sau ɗaya tana kallo.

"Baban Tahmina, ido ya warke?"

"Ya warke, sai dai aiki..."

"Shinkafa ta isa yanka a gona. Masu yankan suna can suna zuwa lokacin da suka ga dama, suna tashi lokacin da suka ga dama, ba mai ce musu komai."

Na ga gashin girar Abba ya motsa. "Lokacin da suka ga dama?"

"Jiya sai da rana ta take suka zo. Tashi ka haɗa kaya."

Ya tashi. Mutumin da ya firgita unguwa guda da kare a wata nahiya ya tashi tsam ba musu. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa duk ranar Alhamis zan haɗa shi da kwastomomi ta waya daga Ishwardi. Ammu ta ce ya yi ta yi, in dai ba a kicin ɗinta zai hura ba.

Muka raka su tasha ni da Tahmina. Muka shigar da kaya, Ammu ta sami wuri, sai aka nemi Abba aka rasa. Na hango shi a bakin taragon, ya tare wani ma'aikaci mai riƙe da tuta yana koya masa yadda ake ɗaga ta a zamaninsu. Mutumin yana ta gyaɗa kai cikin ladabi, yana satar kallon agogo. Jirgi ya yi kuka, Abba bai ji ba. Ƙafafun jirgi suka fara motsi, shi kuwa ya ba ƙofa baya, yana nuna yadda gwiwar hannu ya kamata ta tsaya.

"Abba!" in ji Tahmina. "Jirgi!"

Kafin in kai gare shi Ammu ta fito bakin ƙofar taragon. Ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ta miƙa laimarta da ɗayan, ta saƙala mariƙin a zoben nan na bayan falmaran, ta ja. Abba ya taka da baya, ya hau matakalar da baya, wasu fasinjoji biyu suka cafe shi, har lokacin bakinsa bai daina bayanin tuta ba. Jirgin ya wuce da su a hankali.

Tahmina ta nemi benci ta zauna, ta riƙe ciki tana dariya. Sai da ta daɗe kafin ta iya magana.

"Ka rantse ba za ka taɓa gaya masa amfanin zoben nan ba."

"Na rantse. Amma Ammu fa? Kina ganin ta gane?"

Ta share hawaye da gefen sari. "Tun ranar da ta zo. Ita ta ce masa ya sa ta yau, wai ana sanyi a jirgi."